DARASIN WATA: MURA MAI TSANANI DA RIGAKAFINTA

Da zarar sanyi ya kama a Dutsin-Ma da Kurfi, sai tari da atishawa su cika gidaje, musamman gidajen masu sammakon zuwa fadama da masunta a madatsar ruwa ta Zobe. Jama'a kan ce ai mura ce kawai. To, amma mura iri-iri ce.

Akwai mura ta yau da gobe, wadda ba ta hana mutum zuwa gona. Akwai kuma mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya take kamawa, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari. Tana yaɗuwa ta hanyar tari da atishawa, don haka ta fi saurin bazuwa a kasuwa da makaranta da ɗakin da aka cunkushe.

Ba cutar rainawa ba ce. A shekarar 1918 ta shigo Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, ta hallaka ɗimbin jama'a. Ita ce annobar da aka yi wa laƙabi da Marisuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har yau tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara.

WA TA FI YI WA ILLA?

Yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu asma ko ciwon sukari ko ciwon zuciya. A jikin irin waɗannan, takan rikiɗe ta zama ciwon huhu.

ME YA SA AKE ALLURAR KOWACE SHEKARA?

Ƙwayar cutar tana sauya kama. Saboda haka sau biyu a shekara masana kan zauna su duba irin wadda ke yawo, a haɗa sabuwar allura. Ta bara ba lalle ta yi aiki bana ba. Allurar kan ɗauki kamar mako 2 kafin ta fara kare jiki. Ba ta hana kowace irin mura, amma tana rage kamuwa da mai tsananin, tana kuma rage kwanciya asibiti.

Wannan allura ba ta cikin jerin rigakafin yara na kyauta a Nijeriya. Mai bukata sai ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya. Maniyyata aikin Hajji su lura, hukumomin lafiya na Saudiyya suna ba da shawarar a yi ta kafin tafiya. Rigakafin ciwon huhu kuwa kyauta ne, ana yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14.

Kafson da ake saye a kemis ba ya kashe ƙwayar mura. Mara lafiya ya huta, ya yawaita shan ruwa, ya rufe baki idan zai yi tari. Idan yaro yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, a garzaya da shi asibiti a ranar. Rigakafi dai ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Faɗi alamomi uku na mura mai tsanani.
2. Me ya sa ake sabunta allurarta kowace shekara?
3. Yaushe ya kamata a garzaya da yaro asibiti?