Amsoshin Tambayoyin Masu Sauraro: Sayen Faifan DVD na Fim daga Ƙasashen Waje ta Intanet

Sayen faifan fim daga shagunan intanet na ƙasashen waje ciniki ne mai matakai huɗu: zaɓen faifan da zai yi aiki a na'urar gida, biyan kuɗi, dako, sannan fito a hannun kwastam. Wasiƙun da masu sauraro suka aiko a kan wannan batu galibi sun shafi ɗaya ko biyu daga cikin matakan nan, saboda haka za a amsa su bi da bi.

Wani mai sauraro daga Katsina ya fara da tambayar ko har yanzu akwai dalilin wahalar sayen faifai, tunda ga fim a waya. Gaskiya ne kasuwar ta ja baya. DVD ya fara fita a Japan a watan Nuwamba na 1996, ya shiga Amurka a watan Maris na 1997, ya kuma yi tashe sosai kafin kallo ta intanet ya rage masa ƙarfi. Kamfanin Netflix, wanda da hayar faifai ta gidan waya ya fara, ya daina wannan harka a watan Satumba na 2023. Duk da haka faifai yana da masu nemansa. Wanda ya mallake shi ba ya sayen data, ba ya biyan kuɗin wata, kuma babu mai janye masa fim dare ɗaya. Masu tara tsofaffin finafinan Indiya irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975, da malaman da ke koyar da harkar fim, sukan nemi bugun asali saboda kyawun hoto da cikar fim ɗin.

Tambayar da ta fi yawa ita ce irin wadda ta zo daga Zariya. Mai wasiƙar ya yi odar faifai sabo fil daga Amurka, ya iso lafiya, amma na'urarsa ta ƙi karɓa. Dalili shi ne lambar shiyya. Kamfanonin fim sun raba duniya gida shida domin su riƙa sakin fim a lokuta daban-daban, su sayar da izinin rarraba shi ƙasa-ƙasa, kowace kasuwa da farashinta. Shiyya ta 1 ita ce Amurka da Kanada. Ta 2 ta haɗa Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu. Ta 3 ita ce kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong. Ta 4 ta ƙunshi Latin Amurka da Ostareliya da New Zealand. Ta 5 ita ce sauran Afirka, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, tare da Indiya da Rasha. Ta 6 kuwa China ce. Faifai yana ɗauke da lambarsa, na'ura ma tana ɗauke da tata, in suka saɓa sai na'ura ta ƙi buɗe fim ɗin.

Ana gane lambar a bayan kwalin faifai, can wajen ƙasa, inda akwai ɗan hoton duniya da lamba a tsakiyarsa. A shagunan intanet kuma ana rubuta ta a cikin bayanin kaya. Idan aka ga lamba 0 ko kalmar ALL, faifan ba ya da ƙaidin shiyya, kuma faya-fayan finafinan Indiya da yawa haka suke fitowa. Ta ɓangaren na'ura, da yawa daga cikin ƙananan na'urori ƙirar China da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya da Nijar suna cin kowace shiyya. Matsalar ta fi faruwa da na'urorin manyan kamfanoni, musamman waɗanda aka sayo a Turai ko Saudiyya ko Amurka, da na'urorin wasan gem, da kwamfuta. Kwamfuta tana da nata tarkon: tana barin a canza mata shiyya sau biyar kacal, daga nan sai ta kafe a kan ta ƙarshe. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari faifan wata shiyya a gwada na'ura kafin a yi oda.

Faifan Blu-ray, wanda ya fito a 2006, rabonsa daban ne, da haruffa uku. A ta haɗa nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B ta haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. C ita ce Indiya da China da Rasha. A nan Afirka da Turai gida ɗaya suke, don haka Blu-ray ɗin Ingila ko Faransa ya dace da na'urar shiyyar Afirka. Sai dai na'urar DVD ba ta karanta Blu-ray ko kaɗan, alhali na'urar Blu-ray tana karanta DVD. Kwalayen biyu sukan zo da hoto iri ɗaya a shago, shi ya sa ake yawan kuskure.

Wata mai sauraro daga Maraɗi ta ce nata faifan ya buɗe, amma hoton ya fito baƙi da fari, yana ta rawa. Wannan wata matsala ce dabam, ta tsarin hoto. Faifan DVD yana zuwa da ɗaya daga cikin tsari biyu. NTSC shi ne na Amurka da Kanada da Japan, mai layi 480 da hoto kusan 30 a daƙiƙa. PAL shi ne na Turai da akasarin Afirka, mai layi 576 da hoto 25 a daƙiƙa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya wadda PAL kawai ta sani ita ce ke fitar da hoton NTSC babu launi. Talabijin na zamani masu faɗin allo galibi suna karɓar duka biyun, kuma na'urori da yawa suna da wurin sauya tsarin a cikin saiti. Wannan bambanci ne kuma ke sa a ga tsawon fim ɗaya ya saɓa tsakanin bugu biyu. Ana ɗaukar fim ɗin silima da hoto 24 a daƙiƙa, bugun PAL kuma yana tafiyar da shi a 25, wato ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari. Fim mai minti 120 sai ya koma kusan minti 115, ba tare da an yanke komai ba. Wanda kuma ya yi niyyar sayo na'urar kanta daga Amurka, ya sani cewa ƙarfin wutar can volt 120 ne, na Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230, sai ya duba rubutun bayan na'urar kafin ya jona.

Harshe ma abin dubawa ne. Bayanin kaya yana nuna harsunan magana da na fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. Bugun Jamus na fim ɗin Indiya zai iya zuwa da fassarar Jamusanci kaɗai, bugun Faransa kuma ya fi dacewa da mai jin Faransanci a Yamai ko Damagaram.

Daga Jos an tambayi wane shago ne abin dogaro, da yadda ake gane jabu. Manyan wuraren su ne Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994, mai rassa daban-daban a Amurka da Ingila da Faransa da Jamus da Indiya, sai eBay da aka kafa a 1995, wanda kasuwar gwanjo ce da kayan kwance, sai YesAsia na Hong Kong mai finafinan Koriya da Japan da China. A Amazon da eBay ba kamfanin ne ke sayar da komai ba, akwai dubban 'yan kasuwa masu zaman kansu da ke baje hajarsu a ciki. Don haka ake duba sunan mai sayarwa, da shekarunsa a kasuwar, da abin da masu saye suka faɗa a kansa, da kuma ko yana aikawa ƙasar mai saye, domin da yawa ba sa aikawa Afirka ta Yamma.

Faifan asali bugun masana'anta ne. Idan aka juya cikinsa, launinsa na azurfa ne ko ya ɗan yi ruwan zinare, kuma a zoben da ke kusa da ramin tsakiya akwai ƙananan lambobin masana'anta, sau da yawa tare da haruffan IFPI. Wanda aka kwafa a kwamfuta cikinsa shunayya ne, hoton kwalinsa dishi-dishi, rubutunsa da kurakurai. Faifan DVD mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, kuma fim mai tsawo guda ɗaya yakan cinye wannan fili in ana son hoto mai kyau. Saboda haka duk faifan da aka ce yana ɗauke da fim goma ko ashirin, an matse su ne har hoton ya lalace, kuma kusan ko da yaushe aikin masu satar fasaha ne. Sabon fim da ake sayarwa a kashi ɗaya bisa huɗu na farashinsa ma abin tuhuma ne, araha ba ta ado.

Game da biyan kuɗi, wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya ce katinsa ya ƙi wucewa. Shagunan nan suna karɓar katin Visa ko Mastercard, kuma galibi da dala ko fam ko yuro suke ciniki. Daga 2022 zuwa farkon 2023 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da ita, kowane banki da iyakar da ya sa. Wanda katinsa na naira bai yi ba, yana iya amfani da katin asusun dala. Masu sefa suna da sauƙin lissafi in suna saye da yuro, domin canjin a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957, ban da ladan banki. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce a biya ta cikin shagon kansa. Amazon da eBay duk suna da tsarin mayar da kuɗi idan kaya bai iso ba ko ya saɓa da bayaninsa, amma wanda ya tura kuɗi kai tsaye ga mai sayarwa ya fita daga wannan kariya.

Dako shi ne inda lissafi yake rushewa, domin sau da yawa kuɗinsa ya fi kuɗin faifan. Hanyoyi uku ne. Gidan waya ya fi araha amma yana ɗaukar makonni. Kamfanoni irin su DHL da FedEx da UPS suna kawowa cikin kwanaki, da tsada. Hanya ta uku ita ce 'yan dako masu ba mutum adireshi a Amurka ko Ingila, su tara masa kayansa su aiko a ƙunshi ɗaya. Faifai da kwalinsa bai fi gram 100 ba da yawa, don haka haɗa biyar ko goma a oda ɗaya ya fi riba. Ya kamata a nemi dako mai lambar bin sawu. Ta gidan waya tana da alama 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko, kamar GB ga Birtaniya ko US ga Amurka. A rubuta lambar waya a jikin adireshi, domin da ita ake kiran mai kaya. Faifai ba ya son zafi, kada a bar ƙunshi a cikin mota a rana.

Masu sauraro daga Kano da Ƙonni sun tambayi batun kuɗin fito. Kowane ƙunshi na gidan waya yana zuwa da takardar bayanin kwastam, CN22 ga ƙaramin kaya, CN23 ga mai tsada. Ana lissafin fito ne a kan kuɗin kaya haɗe da dako da inshora, sannan a ɗora harajin VAT, wanda a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, a Nijar kuma kashi 19. A misali, a ce kaya da dako sun kama dala 500, a ce kuma fito kashi 20 ne. Fito ya zama dala 100, VAT na Najeriya a kan dala 600 ya zama dala 45, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe da ladan kamfanin dako. A watan Satumba na 2025 hukumar kwastam ta Najeriya ta fara yafe fito ga ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara, abin da ya rufe yawancin odar mai saye don kallon gida. Roƙon mai sayarwa ya rage farashi a takarda laifi ne, kuma in kaya ya ɓata, abin da aka rubuta shi za a biya. Finafinan batsa kuwa suna cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su Najeriya, kwastam na da ikon ƙwace su.

Tambaya ta ƙarshe ta fito daga mai gidan kallo a Gusau, wanda yake so ya riƙa nuna faya-fayan da ya sayo, ya kuma kwafa ya sayar. Faifan da aka saya a shago izininsa na kallon gida ne kawai. Nuna shi ga jama'a don kuɗi yana buƙatar izinin mai haƙƙin mallaka, kwafarsa don sayarwa kuma satar fasaha ce a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022. Wanda zai shigo da faya-fayai don kasuwanci sai ya nemi lasisi daga Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, kuma sai hukumar ta tace fim ɗin kafin ya shiga kasuwa. A Kano akwai kuma hukumar tace finafinai ta jiha, tun 2001, wadda ke sa ido a kan gidajen kallo da shagunan faya-fayai da ke cikin jihar.