Yadda Ake Binciken Makarar Jiragen Ƙasa na Jamus da Ƙirƙirarriyar Basira

Wanda ya yi nufin sanin illar da ta sa jiragen ƙasan Jamus masu tsananin gudu, waɗanda ake kira ICE, suke yawan makara, har ya zamana a shekarar 2024 kashi 62.5 cikin ɗari kaɗai na jiragen dogon zango suka iso a kan kari, wajibi ne ya fara da fahimtar ma'aunin kamfanin Deutsche Bahn, domin a wurinsu jirgin da makararsa ba ta kai minti shida ba ya zo a kan lokaci, wanda kuwa aka soke tafiyarsa ɗungum ba ya shiga lissafi.

Sai ya tattara lokutan isowa da tashi a tashoshi har tsawon watanni, kamar yadda wani mai bincike, David Kriesel, ya yi a 2019, ya ware sokakkun tafiye-tafiye gefe guda, sa'an nan ya miƙa wa na'urar ƙirƙirarriyar basira jadawalin, ya umarce ta ta kasa shi bisa tasha da sa'a.

A nan mas'alar take da zurfi, saboda dole a rarrabe asali da reshe. Japan ta shimfiɗa wa jirginta mai tsananin gudu, Shinkansen, dogo nasa na kansa tun 1964, alhali ICE yakan bi dogo ɗaya da jiragen kaya da na gajeren zango, ta yadda idan alama guda ta lalace kusa da Frankfurt, sai jirage da dama su gaji makarar, kowa ya jira na gabansa. Saboda haka a nemi na'urar ta bi silsilar baya-baya har ta kai ga jirgin da ya fara tsayawa, a kuma gwada ranar makarar da jadawalin gyare-gyare, irin rufe dogon Frankfurt zuwa Mannheim na wata biyar a 2024, da yanayin sama, da ɓarna irin yanke wayoyin da ya tsayar da jiragen arewacin ƙasar a Oktoban 2022.

Na'urar nan tana da fasahar harshe, takan kuma ƙaga sababi ta faɗe shi da yaƙini, shi ya sa a ganina ba a karɓar maganarta sai da isnadi: ta nuna layin jadawali ko sanarwar kamfanin da ta dogara da ita. Abin da ya rasa wannan a rubuta shi a babin zato. Daga ƙarshe a ɗauko alƙaluman wani wata da ba ta taɓa gani ba, a duba ko hukuncinta ya tabbata a kansu.