Abinci da Hasken Ido a Kwanakin Tsufa

Akwai cutar tsufa da ke lalata tsakiyar tantanin gani a can bayan ido. Mai ita yakan ga gefe, amma fuskar jikansa da baƙaƙen littafi sai su dushe masa.

A 2001, binciken Cibiyar Ido ta Amurka ya nuna cewa haɗin bitamin C, bitamin E, beta-karotin da zink yana rage haɗarin tsanantar cutar da kimanin kashi 25 cikin ɗari, ga waɗanda ta kai matsakaicin mataki. A 2013 aka sa lutin da ziyazantin a madadin beta-karotin, gama yana ƙara haɗarin sankarar huhu ga mashaya taba.

Sai mu lura: ƙwayoyin nan ba su hana kamuwa, ba su komo da ganin da ya tafi. Ba su kuma warkar da yanar ido, wadda ta fi makantar da mutane a Nijeriya. Ita sai aiki.

Saboda haka, kafin mu zuba kuɗi a kemis, mu kai iyayenmu wurin likitan ido. A gida kuwa, mu yawaita musu alayyafo, zogale, ƙwai da kifi. Lutin yana cikin ganye da gwaiduwa.