Malami a Gaban Allo Bayan An Ɗage Dokar Takunkumi

Ranar 28 ga Fabrairun 2022 jihar Masachusets ta ƙasar Amurka ta ɗage dokar da ta tilasta wa kowa sanya takunkumin fuska a makarantun gwamnati. Ba hana sanyawa ta yi ba, cewa ta yi kowace gunduma ta yanke wa kanta shawara. A birnin Boston da kewayensa akwai gundumomin ilimi 72 da masu bincike suka sa wa ido. Guda 70 suka yar da takunkumin, wasu tun makon farko, wasu bayan ɗan jinkiri. Biyu suka ce su dai ba yanzu ba, wato Boston kanta da wata ƙaramar maƙwabciyarta, suka riƙe dokar har ƙarshen zangon karatu a watan Yuni.

Wannan rabuwar kai ta ba masana lafiya damar da ba kasafai suke samu ba. Ga makarantu a yanki ɗaya, a lokaci ɗaya, nau'in korona iri ɗaya yana yawo a cikinsu, amma wasu da takunkumi, wasu babu. Sai suka bi diddigin ɗalibai kimanin 294,000 da ma'aikata kimanin 46,500 har tsawon mako 15, suka buga sakamakon a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka a watan Nuwamban 2022. Abin da suka gano shi ne, inda aka cire takunkumi an sami ƙarin mutum kusan 45 da suka kamu a cikin kowane 1,000, jimilla kusan mutum 11,900. Da aka ware ma'aikata daban, wato malamai da sauran manyan da ke aiki a makaranta, sai lissafin ya kusa ninkawa: ƙarin mutum 82 a cikin kowane 1,000. Ma'aikatan sun yi asarar ranakun aiki wajen 6,500. Kuma abin lura, gundumomi biyun da suka riƙe dokar su ne masu tsofaffin gine-gine da cunkoson azuzuwa da 'ya'yan talakawa, waɗanda a bisa tsammani su ya kamata cutar ta fi ɗiba.

To, me ya sa malami ya fi shan wuya?

Amsar tana cikin yadda cutar take tafiya. Da farkon annobar an ɗauka cewa sai mai ciwo ya yi tari ko atishawa a fuskar mutum, ko an taɓa inda ya taɓa, sannan a kamu, shi ya sa aka dage da wanke hannu da goge tebura. Daga baya ya tabbata cewa yawancin yaɗuwar ta iska ce. Duk mai numfashi yana fitar da wasu 'yan ɗige-ɗigen ruwa ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Mai magana ya fi mai shiru fitarwa, mai ɗaga murya ya fi mai raɗa. Manyan ɗigon suna faɗuwa ƙasa nan da nan, ƙananan kuwa sai su tsaya a iska suna taruwa, kamar yadda hayaƙin turaren wuta yake cika ɗaki idan an rufe ƙofa da taga, har wanda ke can ƙurya ya shaƙa ba tare da ya matso kusa da kaskon ba. Ɗalibi aji ɗaya yake zama, da abokansa na kullum. Malamin sakandare kuwa yakan shiga aji huɗu ko biyar a yini, kowanne da nasa numfashin, ya sunkuya kan wannan yaro ya duba rubutunsa, ya karɓi littafin wancan. Idan an tashi tara ya koma ɗakin malamai, inda ake cin abinci ana hira, kuma galibi nan ne ɗaki mafi ƙanƙanta a makarantar. Ga shi ya girme wa ɗalibansa da shekara ashirin ko talatin, wataƙila da hawan jini ko ciwon sukari a jikinsa. Yaro yakan yi kwana biyu da majina ya warware, malaminsa ya kwanta mako guda.

Sai dai malami ba mai kamuwa ne kaɗai ba. Shi ne wanda ya fi kowa magana a ɗakin, fuskarsa na kallon kowa, don haka ran da ya kamu, babu wanda ya kai shi iya rabawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin abin da ya faru a wata firamare a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a watan Mayun 2021, lokacin da nau'in Delta ya fara yaɗuwa. Wata malama da ba ta yi allurar riga-kafi ba ta fara jin toshewar hanci da kasala ranar 19 ga wata. Ta ɗauka alaji ne, wato borin jiki, ta ci gaba da zuwa aiki kwana biyu. Makarantar tana da dokar takunkumi, amma idan za ta karanta wa yara labari da ƙarfi, wani lokaci takan cire nata. Yara 24 ne a ajin, 12 suka kamu. Da aka zana taswirar kujerun sai abin ya fito fili: a layi biyu na gaba, kusa da teburinta, yara 8 cikin 10 sun kamu, a layukan baya, 4 cikin 14. Daga nan cutar ta bi yaran gida ta kama iyaye da 'yan'uwa. Ba mugunta ce ta kai malamar nan aji ba. Irin naci ne da ake yaba wa malamai a kansa a ko'ina, wato mutum ya daure ya zo aiki ko jikinsa ba daɗi.

A Ingila ma an ga yadda rashin lafiyar malamai ke durƙusar da karatu. A makon farko na Janairun 2022, da guguwar Omikron ta taso, malami ɗaya cikin 12 ba ya bakin aiki, fiye da rabinsu saboda korona. Tun a Disamba ministan ilimi na lokacin, Nadhim Zahawi, ya roƙi malaman da suka yi ritaya su dawo su taimaka. A jihar Niyu Meziko ta Amurka abin ya kai ga gwamna ta nemi dakarun tsaron jiha su shiga aji su riƙe wa malamai. Duk da haka a Ingila, ranar 20 ga Janairu gwamnatin Boris Johnson ta janye umarnin sanya takunkumi a azuzuwan sakandare, ƙungiyoyin malamai suka ce an yi gaggawa, shugabannin makarantu da dama suka ci gaba da nasu tsarin. Ranar 24 ga Fabrairu aka soke dokar killace kai, ranar 1 ga Afrilu aka daina raba kayan gwaji kyauta ga jama'a. Cikin wata uku, duk abin da hukuma take ɗauke wa malami ya dawo wuyansa.

Ba za a ce masu son cire takunkumi ba su da hujja ba. Malamin aji ɗaya da ke koya wa yaro bambancin "ba" da "ma" yana bukatar yaron ya ga leɓensa. Kurame da masu ƙarancin ji sun sha wahala ƙwarai, domin da yawansu a baki suke karanta magana. Wanda ya taɓa koyar da darasin minti 40 da ƙyalle a baki cikin zafin bazara ya san yadda maƙogwaro ke bushewa, gilashin ido ya yi hazo, na baya suna cewa, "Malam, ba ma ji." Su kansu masana ba su gama daidaita baki ba. Wani babban nazari da ƙungiyar Cochrane ta fitar a Janairun 2023 bai sami tabbataccen bambanci ba daga shirye-shiryen ƙarfafa wa jama'a sanya takunkumi, ko da yake babbar editar ƙungiyar ta fito daga baya ta ce kuskure ne a fassara shi da cewa takunkumi ba ya aiki. A Bangaladash kuwa, gwajin da aka yi a ƙauyuka 600 ya nuna takunkumin asibiti ya rage kamuwa da kusan kashi 11 cikin 100, a tsakanin waɗanda suka haura shekara 60 kuma da kusan kashi 35. Abin da mai hankali zai ɗauka a nan shi ne, dokar da ake bi rabi da rabi, ƙyalle a haɓa, amfaninta kaɗan ne, amma takunkumi mai kyau da ya zauna daidai a fuskar mutum ɗaya yana kare shi, ko da sauran mutanen ɗakin ba su sa ba.

Wannan magana ta shafi malaman Najeriya kai tsaye. An rufe makarantu a Maris na 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar tilasta takunkumi a Janairun 2021, gwamnatin tarayya ta janye tilascin a Disamban 2022. Gaskiya dai, a yawancin makarantu jama'a sun riga gwamnati janyewa da daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ayyana ƙarshen matakin gaggawa ranar 5 ga Mayun 2023, amma ba ta ce cutar ta ƙare ba. Kuma ba korona ce kaɗai ke bin iska ba. Mura mai zafi da ƙyanda haka suke tafiya, haka tarin fuka, ga mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Ajin da yara suka cika shi maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, da hunturu an rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, shi ne wurin da waɗannan cututtuka suka fi samun yadda suke so.

Abin da ya fi sauƙi kuma ba ya cin ko kwabo shi ne iska. A buɗe tagogi ta ɓangarori biyu don iska ta shiga ta fita, a bar ƙofa a buɗe. Idan sanyi ya yi yawa, a ce wa yara su zo da rigar sanyi, a buɗe ko rabi ne, sannan da an fita tara a wangale duka. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi, ba ta sabunta ta. Darasin da za a iya yi a inuwar darbejiya, a yi shi a can lokacin da mura ta yi yawa a makaranta. Malami ya ja da baya kaɗan daga layin gaba, taku biyu ko uku, musamman idan zai ɗaga murya.

Shi kuwa takunkumi, ɗage doka bai haramta shi ba. Malamin da ya manyanta, ko mai asma, ko malama mai juna biyu, ko wanda ke da tsohuwa a gida, yana da damar ya sa nasa a makon da rabin aji ke tari, kuma bai kamata abokan aiki su mai da shi abin zolaya ba. Nau'in da ake kira N95 ko FFP2 shi ya fi tacewa, na asibiti mai launin shuɗi na bi masa, na yadi shi ne na ƙarshe. Sharaɗin shi ne ya manne, a matse ɗan ƙarfen da ke kan karan hanci, kada iska ta riƙa fita ta gefe. Mai cikakken gemu ya san da sanin cewa nasa ba zai manne kamar na wani ba, don haka ya ƙara dogara ga tazara da buɗe taga. Siririn gyale da aka ja kan hanci ba ya maye gurbin takunkumi.

Idan kuma an riga an kamu fa? Nau'in Omikron yakan bayyana kamar kwana uku bayan an shaƙe shi, da ƙaiƙayin maƙogwaro, majina, ciwon kai, zazzaɓi da dashewar murya. Mutum ya fi yaɗa shi daga kwana ɗaya ko biyu kafin alamu su fito zuwa kwanakin farko bayan fitowarsu, wato daidai lokacin da malami ke cewa, "Ai ba komai, zan iya." A nan ƙasar kowane zazzaɓi sunansa na cizon sauro, sai a wuce kemis a sayi magani. Gara a yi gwaji tukuna. Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa korona ko mura, asarar kuɗi ce kawai. Hutu, ruwa da yawa da farasitamol su ne abin yi ga mafi yawan mutane. Amma wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya riƙe masa, ko hankalinsa ya fara gushewa, asibiti za a nufa da shi ba jira. Shawarar hukumar Amurka tun Maris na 2024 ita ce mutum ya zauna gida har sai jiki ya fara sauƙi kuma zazzaɓi ya sauka na tsawon awa 24 ba da taimakon magani ba, sannan ya yi ƙarin kwana biyar yana kiyayewa, da takunkumi da tazara.

Faɗar "zauna gida" ba wuya, yinsa ne aiki. A makarantun kuɗi da yawa, malamin da ya yi fashin kwana uku zai ga giɓin a albashinsa ƙarshen wata, albashin da dama can bai taka kara ya karya ba. A na gwamnati kuma sau da yawa babu mai riƙe masa aji, ga jarrabawa na matsowa. Muddin haka tsarin yake, malami zai sha magani ya daure ya zo, ya tsaya gaban yara 70 yana tari. Nan ne hedimasta da firinsifal da masu makarantu suke da aiki: tun farkon zango a tsara wanda zai riƙe wa wane idan ya kwanta, kowane malami ya ajiye aikin kwana biyu ko uku da monita zai iya rubutawa a allo, kuma a faɗa a taron malamai a fili cewa fashin rashin lafiya ba ya jawo yankan albashi. Iyaye ma su bar yaro mai zazzaɓi a gida, su aika wa malaminsa da saƙo.

Wanda ya warke ya dawo aiki kada ya ɗauki nauyi gaba ɗaya rana ɗaya. Murya takan ɗauki kwanaki kafin ta koma daidai, kuma tilasta ta yana ƙara dasar da ita, sai a riƙa kurɓar ruwa, a bar ɗalibai su yi karatun da ake yi da ƙarfi. Wasu kuma kasala da haki da mantuwa kan bi su har watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa wannan a matsayin larura mai zaman kanta idan alamun suna nan wata uku bayan kamuwa, sun kuma daɗe aƙalla wata biyu. Malamin da ya ga hawa benen makaranta ya fara gagararsa bayan ya warke, ya je ya ga likita, ya kuma nemi a rage masa darussa zuwa wani lokaci.