Masu Keken Doki da Ba Sa Makara

A gundumar Lankasta ta jihar Fensilbaniya a Amurka, da wasu sassan Ohayo da Indiyana, akwai wasu mutane da ake kira Amish, yawansu ya kai kimanin 400,000. Kiristoci ne da kakanninsu suka fito daga Suwizalan da yankin Alsas. Sun ɓalle daga ɗariƙar Menonayit a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, suka soma ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 18. Ba sa mallakar mota, ba sa jan layin wutar lantarki zuwa gida, keken doki suke hawa. Da jin haka sai ka ɗauka masu jan ƙafa ne. To, ba sa sauri kam, amma makara babban abin kunya ne a wurinsu.

Mu fara da keken dokin. Abin da yake ci a awa bai wuce kilomita 8 zuwa 13 ba. Wanda zai je wuri mai nisan kilomita 10 ya san awa guda ce cur, ban da lokacin ɗaura wa doki kaya. Babu taka totur a cike giɓi. Babu kuma waya a aljihu da za a kira a ce "ga ni nan a hanya" alhali ana miƙe kan katifa a hostal, domin wayar yawancinsu tana cikin wata 'yar rumfa ce can nesa da gida. Idan an yi alkawarin ƙarfe takwas, shi ke nan, ba a sake shi da safe.

Ibadarsu ma haka take. Ranar Lahadi ɗaya cikin biyu suke taruwa a gidan ɗaya daga cikinsu, iyalai 20 zuwa 40. Ana shiga ne bi da bi gwargwadon shekaru, maza daban mata daban, don haka wanda ya makara kowa ya gan shi. Amma da an zauna, gaggawa ta ƙare: zaman yakan kai awa uku, waƙa ɗaya daga littafinsu Ausbund takan ci minti ashirin saboda yadda suke jan ta.

A ganina, asalin wannan tarbiyya aiki ne, irin aikin da wani ke jiran ka a cikinsa. Saniya sau biyu ake tatsarta a rana, kuma ba ta san hutun ƙarshen mako ba. Yaro tun yana ƙarami yake da nasa rabon, ko ɗebo ƙwai ko ba maruƙa abinci. Sai kuma gayya, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Idan gobara ta cinye wa mutum katafaren rumbunsa na katako, inda dabbobi da harawa suke, maza fiye da ɗari kan taru su tsayar da ginshiƙan sabo su rufa shi cikin wuni guda, mata na dafa wa jama'a abinci. Katakon da sai an haɗa hannu ake ɗaga shi ba ya jiran wanda bai gama barci ba. Kuma wannan gayyar ita ce inshorarsu. Tun 1965 dokar Amurka ta yafe wa masu aikin kansu a cikinsu biyan kuɗin asusun fansho na gwamnati, bisa hujjar cewa su ke kula da tsofaffinsu da marasa lafiyarsu.

Abin dariyar shi ne, agogon gwamnati bai dame su sosai ba. A Amurka ana tura agogo gaba da awa guda daga Maris zuwa Nuwamba. Wasu Amish ba sa taɓa nasu, suna kiran sa "lokaci mai nawa", na gwamnati kuma "lokaci mai sauri". Mai kanti ko direban da za su ɗauka haya sai ya tambaya wane lokaci ake nufi.

Kada fa a ɗauka duk manoma ne. Yawansu na ninkawa kusan duk shekara ashirin, gona ta yi tsada, da yawa sun koma kafinta da gini da ƙira. 'Yan injiniya, ku ji wannan: tunda babu layin wuta, injin dizal ke tura iska ko mai ta bututu, su kuma su juya zarto da injin huda. A yankin Elkat na Indiyana kuwa dubbai suna aiki a masana'antun ƙera motocin da ake kwana a cikinsu, suna kama aiki tun wajen ƙarfe biyar na asuba.

Tsarin yana da tsadarsa. Karatunsu aji takwas ne kawai, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da haka a shari'ar jihar Wiskonsin da Yoder a 1972. Yaron da ke son zama likita ko injiniya mai takarda, sai dai ya bar al'ummar. Idan kuma ya riga ya karɓi baftisma kafin ya fita, a wasu gundumomin 'yan uwansa ba za su ƙara cin abinci a teburi ɗaya da shi ba.