Matsalar Kuɗin Raya Kifin Kogin Sakkwato

Gabatarwa

Kogin Sakkwato daga ƙasar Funtuwa ya taso. Daga nan ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya wuce ta Argungu, sa'an nan ya faɗa Kwara. Saboda haka abin da manomin Funtuwa ya zuba a rafi yana iya shafar masuncin Kabi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kifin kogin nan ba zai farfaɗo ba sai an sama wa aikin raya shi kuɗi mai ɗorewa.

Musabbabin Raguwar Kifi

Tarwaɗa da karfasa da ire-irensu sukan bi ambaliyar damina su shiga fadamu su yi ƙwai. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, sai ambaliyar ta ragu a fadamun da ke ƙasa da ita, kamun kifi kuma ya ja baya. A kan kogin kuwa, watau wajejen Funtuwa, zaizayar gonakin auduga da masara takan cika rafuka da yashi, ruwan sama kuma ya wanke maganin ƙwari ya kai cikinsu. Daɗin daɗawa, ga masu kamu da guba, ga masu komar da ƙananan idanunta ba su ƙyale ko ɗan tsako.

Darasin Shirye-shirye Masu Wa'adi

A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da ƙasar Malumfashi. Wa'adinsa shekara biyar ne. Wannan wa'adi yana iya isar masara, wadda ake girbewa a damina guda, amma bai isar kifi. Giwan ruwa sai ya yi shekaru kafin ya fara hayayyafa, balle ya kai girman da ake alfahari da shi a Argungu. In kuɗi ya yanke a tsakiya, sai masu tsaron ruwa su watse, a kwashe 'ya'yan kifin da aka zuba.

A tafkin Kainji, wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na shekarun 1990 ya bi wata hanya: ya ƙarfafa yankan lasin ga masunta, ya jawo shugabanninsu cikin aikin, aka kuma hana jan dala.

Mafita

Na farko, a keɓe wani kaso na kuɗin ruwan madatsai irin su Mairuwa da Gwaigwaye a zuba a asusun kifi, wanda doka za ta kare daga sauyin gwamnati. Na biyu, kuɗin lasin ya tsaya a inda aka karɓe shi. Na uku, a ba Sarkin Ruwa kujera a kwamitin asusun, domin al'adar rufe ruwa, irin ta Matan Fada a Argungu, ba ta cin kuɗi da yawa. Na huɗu, jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kabi su haɗa hannu, tun da kogin ɗaya ne.

Kammalawa

Bikin kamun kifin Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Amma ba a biki a ruwan da babu kifi. In yauni da ragon ruwa suka ɓace, sunayensu ma za su bi su daga bakin Bahaushe, harshe ya yi asara tare da masunci.