Yadda ake haɗa wa pip rumbu fiye da ɗaya ba tare da an kwaso gara ba

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda kafin 2022 ake kira KUST, ya san lokacin aikin kammala karatu: data tana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa, ga manhajar Python tana neman ƙunshe-ƙunshen da wasu suka rubuta kafin ta motsa. Ɗan aiken da ke kwaso su shi ne pip, babban rumbun kuwa PyPI. Amma rumbu ɗaya ba ya isa kullum.

Da farko ɗalibi yana ware wa aikinsa ɗaki na kansa da umarnin venv, don kada kayan wannan aiki su cakuɗe da na wancan. A cikin ɗakin yake ajiye ƙaramin fayil na saiti, pip.ini a Windows, pip.conf a Linux. Layin index-url ne ke nuna babban rumbu.

Rumbu na biyu shi ne wanda ya fi dacewa da aljihun ɗalibi. Mutum ɗaya mai data ya yi pip download, ya tara ƙunshin a folda guda, ya raba wa abokai a filashi. Kowa sai ya nuna wa pip foldar da find-links, ya ƙara no-index, shi ke nan ba ruwansa da intanet. Sharaɗi ɗaya ne: irin kwamfutar da sigar Python su zo ɗaya.

Na uku rumbun masu manhaja ne da kansu. PyTorch, alal misali, yana da nasa, mai ɗauke da siga marar nauyi ga kwamfutar da ba ta da katin Nvidia. A nan ne mutane ke ɗora extra-index-url, a nan kuma haɗarin yake, domin pip bai san babba da ƙarami ba a tsakanin rumbuna. Yana leƙa duka, ya ɗauko wanda lambar sigarsa ta fi girma. Dillalin shanu a kasuwar Kara ta Wudil ba zai miƙa kuɗin sa ba sai ya san hannun da ya fito. Pip ba ya tambayar asali.

A Fabrairun 2021 mai bincike Alex Birsan ya nuna illar haka: ya saka ƙunshe-ƙunshe masu sunan na cikin gidan manyan kamfanoni a rumbunan jama'a, suka shige kwamfutocin kamfanoni fiye da 35, har da Apple da Microsoft. A ƙarshen Disambar 2022 wani ya saka ƙunshin torchtriton na bogi a PyPI, ya riƙa kwashe fayilolin masu sauke sigar gwaji ta PyTorch.

Shi ya sa mai hattara ke raba aike biyu. Ya sauke torch shi kaɗai da index-url na PyTorch, sannan ya koma PyPI don sauran. Daga nan ya rubuta ainihin lambar kowace siga a requirements.txt, in da hali ya ƙara require-hashes, wanda ke sa pip ya ƙi duk fayil ɗin da zanen yatsarsa bai dace ba. Kafin ya kai wa malami aikin, sai ya buga pip config list ya ga rumbunan da kwamfutarsa ke zuwa.